Gaiwa Arba'in da Ɗaya a Katangar Goggo

Ku da kuke zama a gindin dalbejiyar bakin tasha kuna jiran fasinja, na ji abin da kuka faɗa ranar Talata. Ban tanka ba, domin ni ban iya magana a cikin taro ba, sai na dawo gida na ɗauki biro. Kun ce ba a taɓa yin sana'a mai sauƙi irin tawa ba: kifi yana barci a cikin ƙasa, ba ya gudu, ba ya iyo, mutum ya zo ya tone shi kamar rogo, sannan ya kira kansa masunci. Mai jar hular cikinku har ya ce in haka ne shi ma masunci ne, don jiya ya kama sardin biyu a kanti. Maganar ta ba ni dariya, na yi ta a ciki. Amma bari ku ji yadda aikin yake.

Ina aji na uku a lise, wato sakandare, zamanin shugaban ƙasa na farko ɗan garin nan, idanuna suka fara ciwo. Likita ya ce in rabu da littafi shekara guda. Mahaifina ya miƙa ni ga ƙanensa, Baffa Sale mai haƙar gaiwa, ya ce aikin ba ya cin ido. Gaskiya ya faɗa, kunne yake ci. Shekara gudar nan ita ta zama goma sha huɗu.

A wancan lokaci, idan damina ta yi nisa, Binuwai yakan cika ya tsallake gaɓa ya malale fadamar da ke hayin gada, har jiragen ruwa su taso daga ƙasa su zo ɗaukar auduga da gyaɗa. Idan ya janye sai ya bar tafkuna. Namu shi ne Tafkin Shamuwa. Kowa yana da lokacinsa a wurin. Masu taru su fara, mata su biyo su tsinci bado, manoma su dasa masakuwa, dawar rani, a karal, wato baƙar ƙasar nan mai riƙe ruwa, Fulani su sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa, masu tukwane da masu tubali su kwashi yumɓu. Mu ne na ƙarshe. Sai tafkin ya bushe ƙaƙas, ƙasa ta tsage, kowa ya ce babu sauran abin ɗauka, sannan Baffa, mai kirana Ɗan Lekol wato ɗan makaranta, zai saɓa dagi ya ce, “Ɗan Lekol, tashi, kasuwarmu ta ci.”

Ita gaiwa, idan ta ga ruwa yana ƙarewa, ba ta bin sa. Sai ta nutse cikin laka kamar kamu ɗaya da rabi, ta naɗe jikinta ta rufe fuska da wutsiya, yauƙin jikinta ya bushe ya zama wata 'yar riga kamar busasshen ganye. Ta bar ƙofa ɗaya ƙarama ta shan iska, don ita iska take shaƙa kamar ni da ku. Haka za ta kwanta har ruwa ya dawo, tana ramewa a hankali.

Ramin farko da na saurara yana gefen wani tsohon sawun saniya. Kayan aikin duka huɗu ne: dagi, guntuwar fartanya, buta, da ƙwarya da aka huhhuda gindinta da tsinke. Za ka riƙe ƙwaryar a saman ramin ka zuba ruwa kaɗan, ya sauka tif-tif-tif kamar yayyafin farko. Sai ka durƙusa ka manna kunne da ƙasa. Idan gaiwa ce, za ta zaci damina ta zo, ta yi wani gurnani, ƙurrr, irin na tsohon da aka tasa daga barcin rana. Idan ba ita ba ce, to kaguwa ce, ko kwaɗo, ko wanda ba a son ambaton sunansa.

“Kunne bai zauna ba,” in ji Baffa. “Ɗaga gindinka sama.”

“Baffa, akwai mutane.”

“Mutane gaiwa ne? Ɗaga.”

Na ɗaga. Wasu mata masu tallan nono suna wucewa, ɗaya ta tambayi Baffa da Fulatanci ko alƙibla ce ta sauya. Haka na yi shekara goma sha huɗu. Rabin mutanen hayin gada ba su san fuskata ba, amma daga nesa suna gane ni.

Ranar na ji gurnani, na haƙa rabin awa cikin natsuwa, na fito da kwaɗo. Ya dube ni, na dube shi. Baffa ya ce kwaɗo yana yi da maƙogwaro, gaiwa tana yi da ciki, kuma wanda bai bambanta ba zai ciyar da iyalinsa da kwaɗi. Wata uku na yi kafin kunnena ya rarrabe. Tonon ma da ƙa'ida. Ba a sara ta kan rami, kewaya shi ake yi da dagi, a yanko curin ƙasar ɗungurungum da kifin a ciki. Kuma ba a sa yatsa a ƙofar don a tabbatar. Wannan darasin ban koya daga bakin Baffa ba. Ku dubi manunin hannuna na dama in mun haɗu.

Masu sayenmu kala-kala ne. Masu tuwon kasuwa suna sonta domin rani ne, ɗanyen kifi ya yi wuya, ga ta kuma ba ta da ƙananan ƙayoyi. Mutanen dutse masu gidajen bilbil, giyar dawa, sukan saya da curinta su ajiye a ƙarƙashin gado, ranar da aka yi baƙo a fasa, ga ɗanyen kifi ba ƙanƙara ba gishiri. Akwai kuma wani komi, wato akawu, na ofishin auduga mai farar riga, wanda a gaban jama'a yake cewa shi ba ya cin kifi mai hannuwa. Duk Juma'a yakan tsaya a bayan rumfarmu yana karanta jarida, in ya naɗe jaridar ya tafi sai ka ga tana motsi.

Sai shekarar fari ta zo, ta kira ƙanwarta. Damina biyu a jere kogi bai hau ba. Karal bai jiƙa ba, ba a dasa masakuwa ba, shanu suka yi kudu, rijiyoyin hayin gada da igiya gaba biyu ke isa suka koma sai an ɗaura ƙari. Manoman da suka rasa abinci suka tuna akwai kifi a ƙarƙashin ƙafarsu. Suka zo da fartanyu, ba buta ba ƙwarya, suka bi tafkin suna juye shi kamar masu huɗa. Ba wanda ya hana su, yunwa ce. Amma Baffa ya ce idan aka tone ta ƙarshe, ko ruwa ya dawo tafkin ya mutu, domin gaiwa ba ta cika barin gidanta ta zo daga wani wuri ba. Muka yi kwana goma sha biyu muna riga su zuwa, muna tono ba don sayarwa ba. Muka sami arba'in da ɗaya. Baffa ya ce iri ne, za mu ajiye su cikin curinsu har ruwa ya hau, mu mayar. Su ke nan abin da ya rage na Tafkin Shamuwa.

A nan ne laifina ya shigo. Ni mutum ne da ba na son ganin abu a hargitse. Curukan nan wani ƙato, wani karkatacce, ba su jeruwa. Sai na zauna da wuƙa na sassaƙe su ɗaya bayan ɗaya, gindi mai faɗi, kai mai tsini, duka tsayi ɗaya. Na soka wa kowanne guntun kara a ƙofar iska don kada ta toshe. Na rubuta wa kowanne lamba da alli, na shigar a kayena, littafin rubutuna na makaranta, na jera su sahu-sahu a kangon ɗakin da ke bayan gidanmu. Baffa ya duba ya ce bai taɓa ganin kifi ya yi fareti ba. Ba wanda ya lura a cikinmu cewa abin da na sassaƙa, sak, tubali ne.

Gidan na Goggo Dudu ne, yayar mahaifina da Baffa, mai sayar da goro. Mace ce wadda in ta yi gyaran murya kaji suke shiga akurki. Shekara uku tana wanka a bayan yagaggen zana, tana alkawarin gina makewayi na ƙasa. Ta yi odar tubali, ta kira Matiyu magini, mutumin dutse daga wajen Mokolo, mai aiki da tsafta da tsoron Allah. Ranar da ya zo mun tafi Pitowa ta'aziyya ni da Baffa. Masu tubali sun kawo rabi a pus-pus, amalanken turawa, suka sauke a ƙofar kangon. Matiyu ya leƙa ciki ya ga sauran rabin.

Bayan kwana biyu muka dawo da hantsi, muka tarar da kango fayau. Baffa ya dafe kai.

“Wane irin ɓarawo ne yake satar ƙasa?”

Kafin in amsa muka ji salati daga bayan gida. Goggo ta fito daga sabon makewayinta da ɗaurin ƙirji, kumfa a kunne, takalmi ɗaya.

“Sale! Kira min malam! Katanga tana minshari!”

Baffa ya shiga, na bi shi. Katanga sabuwa fil, an yaɓe ta sumul. Inda ruwan wanka ya fantsama a ƙasa-ƙasa ya yi duhu. Muka kasa kunne. Ƙurrr. Daga can kusurwa wata ta amsa, ƙurrr. Baffa ya zauna daɓas a kan dutsen wanka.

Aka kira Matiyu. Ya zo da cokalin gininsa a hannu, aka yi masa bayani, ya cire hula ya mayar.

“Baba Sale, wallahi ni ya ga lamba, ya ce masu tubali sun waye. Ya fi na waje kyau nesa. Shi ne na sa shi a ƙasa, don ya riƙe gini.”

“Karan da ke jiki fa?”

“Na cire. Kara a tubali aikin banza ne. Na toshe ramin da kyau, ko tururuwa ba ya shiga.”

Baffa ya juya wurin yayarsa. Ya yi mata lissafi a fili: ƙofar iska a toshe take, ruwan wanka yana tashinsu, kuma gaiwar da ta farka ba iska ta fi mai barci saurin mutuwa. Kwana biyu sun riga sun wuce. In an ƙara biyu, sai dai a yi musu addu'a.

“Yaya, a rushe katangar nan yau.”

“A rushe me?”

“Iri ne, Yaya.”

“Iri? Shuka su za ka yi? Shekara uku awaki suna kallona, yau na samu sutura ka ce in rushe don kifi? Ba mai taɓa min katanga.”

“To ki daina wanka kwana biyu mu yi shawara.”

Goggo ta dube shi tun daga hula har silifa.

“In daina wanka don kifi ya samu barci. Sale, ni na goye ka. Tun kana bayana na san kanka ba daidai yake ba.”

Sai na tambayi Matiyu ta yaya ya jera su. Ya ce bi da bi mana, daga ɗaya zuwa arba'in da ɗaya, daga bakin ƙofa zuwa kusurwa a dawo, ai shi ma ya yi lekol ɗin mishan. Na ce to ba sai an rushe ba, ana iya zare su ɗai-ɗai a cusa tubalin gaske a gurbinsu. Matiyu ya ce bon, yana yiwuwa. Baffa ya ce Allah ya yi wa boko albarka. Goggo ta ce katangarta ba bakin tsohuwa ba ce da za a riƙa cire mata haƙora, ta shige ɗaki ta sako labule.

Abin da roƙo bai yi ba, lamba bakwai ta yi shi. Washegari da safe Goggo ta shiga wanka da gangan da bokiti biyu. Lamba bakwai tana daidai bakin magudana, inda ruwa ya fi taruwa. Yaɓen ya jiƙa ya zube, curin ya narke. Goggo ta sunkuya ɗaukar soso, ta ji soson yana ja. Ihun da ta yi, sai da mai shayin bakin titi ya zo tambaya. Da muka iso muka tarar ta kife kifin da ƙwaryar wanka ta taka da ƙafa ɗaya, tana haki.

“Sale, kwashe mutanenka daga makewayina. Yau. Yanzu.”

“Allah ya saka da alheri, Yaya. Ɗaga ƙafar in ɗauki wannan.”

“Wannan? Wannan ta gan ni. Ba za ta koma tafki ta ba da labari ba.”

Baffa ya yi magiya, ya ce mace ce, da alama mai ƙwai. Goggo ta ce ai matan sun fi surutu. Da rana aka yi miyar lamba bakwai da yakuwa. Baffa ya ce shi ba zai iya ci ba, sannan ya ci, ya nemi ƙari.

Aikin zarewa ya ɗauke mu daga hantsi har la'asar sakaliya. Ni nake ƙirga taki in nuna wuri, Baffa ya yayyafa ruwa ya manna kunne, Matiyu ya yanka yaɓe da bakin cokali ya zaro curi kamar mai karɓar haihuwa, ya cusa tubali ya liƙe. Da aka jima shi ma ya fara sa kunne. Maƙwabta suka hau katangar waje suna kallon ƙarti uku sun rungume makewayin Hajja Dudu. Ita kuwa tana zaune a kujera 'yar tsugune da taɓarya a cinya.

“Matiyu, in ta karkace ko da yatsa ɗaya, kai zan gina a wurin.”

“Hajja, ba ya karkace. Amma wannan lamba ashirin ya zage ni.”

Tara sun mutu, ba sai an sa kunne ba, hanci ya isa. Talatin da ɗaya suna da rai. Sai dai jiƙa da jijjiga sun farkar da yawancinsu, rigarsu ta yage, ba za su koma barci ba. Dole a sa su a ruwa, kuma ba a haɗa gaiwa biyu a tukunya ɗaya, cinye wutsiyar juna suke yi. Gidanmu tukwane shida ne. Goggo da kanta ta yafa mayafi ta bi unguwa. Ba ta roƙi kowa ba, tunatarwa ta yi: ke da me kike miya da rani, ke ina kike samun bado, ke mijinki a ina yake dasa masakuwa. Kafin magariba tsakar gidanmu ta cika da randuna da tukwane, har da wata tasar yi wa jariri wanka. Matar Matiyu ta aiko da tulunan bilbil biyu, Goggo ta sa aka wanke su sau bakwai. Wata uku muna ciyar da su da tana da katantanwa. Duk mai tukunya takan leƙo ta gaida tata. Wata ma ta raɗa wa tata sunan uwar mijinta.

A damina ta uku kogi ya hau. Ranar da ruwa ya shiga Tafkin Shamuwa muka fita da safe, mata talatin da tukwane a ka, Baffa a gaba, ni a baya da kaye, Matiyu yana tura randar da ta fi nauyi a pus-pus. A bakin gada jandarma ya tare mu.

“Mene ne a ciki?”

“Kifi ne, ranka ya daɗe.”

“Ina za ku kai shi?”

“Ruwa.”

Ya leƙa tukunya ɗaya. “Daga ina kuka ɗauko shi?”

“Daga katanga.”

Ya matso ya shinshina bakin Baffa. Da bai ji komai ba ya shinshina na Matiyu. Sannan ya ɗaga mana hannu, ya juya baya don kada ya ga inda muka nufa.

A bakin tafki kowa ta karkata tukunyarta. Ba wadda ta waiwayo a cikin talatin da ɗayan, sai ta Goggo, da ta tsaya ta ɗago kai ta shaƙi iska. Goggo ta ce, “Tafi, munafuka, kin ci tanata wata uku.” Baffa ya hana kowa tono rani biyu, manoman ma suka bi, don sun ga tukwanen matansu sun tafi sun dawo wayam. A rani na uku na zuba ruwa a rami ɗaya, huɗu suka amsa. Tafkin ya ci gaba da ciyar da mu shekaru bayan haka, komi mai jarida ma ya dawo.

Abin da fari bai iya ba, madatsar ruwa da aka gina a saman kogi ta yi shi. An samu lantarki, ban ce ba a samu ba, da ita nake rubutun nan. Amma kogin ya daina tsallake gaɓa yadda ya saba. Ruwan sama kaɗai ke taruwa a tafkin, ya bushe tun kafin 'ya'yan gaiwa su yi girman nutsewa. Karal ya ragu, masu bado suka daina zuwa, aka fara yanka filaye. Wurin da kuke kai baburanku wanki a hayin gada, inda ake sayar da gas a kwalba, tsakiyar Tafkin Shamuwa ke nan.

Zuwanmu na ƙarshe, Baffa ya tsufa, ni nake riƙe masa dagi. Tun safe muke bin ramuka, muna yayyafi, muna manna kunne. Kaguwa babu, kwaɗo ma babu. Rana ta take, ruwan buta ya kusa ƙarewa. A wani rami kusa da turakun sabon fili muka durƙusa tare, kunnena a dama, nasa a hagu. Na zuba ragowar ruwan. Ƙurrr.

Ban tsaya tambaya ba. Na kewaye ramin da dagi, na yanka, na zurfafa kamu ɗaya, kamu biyu, gumi yana shiga idona. Baffa yana tsugune a bakin rami yana cewa a hankali, a hankali, kada ka fasa mata riga. Na kai har ƙugu ban ga komai ba sai busasshiyar ƙasa. Na tsaya ina haki. Sai muka sake ji, ƙurrr, a fili, daga saman rami.

Baffa ya sunkuyar da kai ya dubi cikinsa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙo min hannu ya jawo ni waje.

“Cike ramin, Ɗan Lekol, kada akuyar wani ta faɗa. Wannan gaiwar tuwo take so.”